Gaba Ko Baya: Tarihin Faman Masu Fassara Da Ƙaramar Kalmar "Me"

A aikinmu na fassara daga Ingilishi zuwa harshen Fotugis, ba a karɓar takarda sai an tambayi mai ita inda za a kai ta. Barazil ce, ko Fotugal, ko kuwa Luwanda ko Maputo? Wanda bai san dawan garin ba zai ɗauka tsabar ƙwaƙwa ce, tunda harshen ɗaya ne, kuma mutane sama da miliyan 200 da ke magana da shi suna fahimtar juna. Amma da zarar wani a cikin rubutun ya buɗe baki ya ce a ba shi abu, ko a gaya masa, ko a ƙyale shi, sai alƙalamin mai fassara ya tsaya cak. Ingilishi zai ce "tell me" ya wuce abinsa. Fotugis ba zai bar ka ka wuce ba sai ka zaɓa tsakanin "diz-me" da "me diz", kuma duk wadda ka ɗauka, ka riga ka faɗi ƙasar mai maganar da matsayinsa, wani lokaci har da tsararsa. Babu wata siffa ta 'yan ba-ruwanmu da za ka fake a bayanta.

Bahaushe ya fi mutumin Ingila saurin gane rabin matsalar. Ingilishi kalma guda gare shi, "me". Ita ce a "ya gan ni", ita ce a "ya gaya mini", ita ce a "tare da ni", har a "ni ne" ma ita ake sa wa aiki. Mu mun raba ni da mini. Fotugis ma ya raba, sai dai ba a inda muka yanka ba. Yana da "me", wadda ba ta tsayawa da ƙafarta sai ta jingina da aikatau. Yana da "mim", mai bin ƙananan kalmomi irin su "para" da "de" da "sem". Yana da "comigo", wadda aikinta ɗaya tak, wato tare da ni. Dukansu daga Latin suka gangaro. Kalmar "mihi" ta Rumawa ce ta goge ta zama "mi", kuma haka mawaƙin Fotugal Camões ya riƙa rubuta ta a ƙarni na 16, kafin sautin hanci na baƙin farko ya bi ta har ƙarshe ta koma "mim". Ita kuwa "comigo" daga "mecum" take, inda Rumawa suka liƙa "tare da" a bayan wakilin sunan. Da ta tsufa ta zama "migo", mutane suka daina jin ma'anar tarayya a cikinta, sai suka sake ɗora mata "com" a gaba. A jam'i ma haka abin yake, kuma har yau Barazil tana rubuta "conosco", Fotugal tana rubuta "connosco".

Tarkunan farko da ɗalibi ke faɗawa sanannu ne. In an ƙwanƙwasa ƙofa aka ce "it's me", Fotugis "sou eu" yake cewa, da kalmar mai aikatawa, daidai da ni ne tamu. In aka ce wani yana so na, aikatau ɗin nasu yana jan "de", sai a sami "gosta de mim". Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne inda Fotugis ke sa "me" alhali Ingilishi bai sa ba. Mutumin Landan zai ce an sace walat ɗinsa, da kalmar mallaka. Mutumin Lisbon zai ce "roubaram-me a carteira", an sace mini walat. Uwa za ta ce wa ɗanta kada ya ɓata mata riga, alhali rigar a jikinsa take, kuma Fotugis yana da wannan ginin sak. Da shi nake auna fassarar adabi. In na karanta babi guda ban ci karo da irin wannan "me" ɗin ba, na san Ingilishi ne kwance a ƙarƙashin rubutun, an dai lulluɓe shi da kalmomin Fotugis. 'Yan Barazil suna kiran irin wannan harshe "tradutês", yaren da babu mai yin sa sai littattafan fassara.

Duk waɗannan ana koyonsu cikin 'yan watanni. Abin da aka haura shekara 150 ana ka-ce-na-ce a kansa shi ne mazaunin "me" a cikin jimla.

Mazauni uku ne, kuma sunayensu kullum suna bakinmu. In ta zo gaban aikatau, "próclise". In ta zo bayansa da karan ɗori a tsakani, "ênclise". Akwai kuma "mesóclise", inda ake tsaga aikatau na lokaci mai zuwa gida biyu a cusa ta a ciki, kamar "dir-me-á", zai gaya mini. A Fotugal, jimla mai tabbatarwa tana ajiye ta a baya. Sai in akwai kalmar da ke janyo ta gaba, irin kalmar korewa, ko ta tambaya, ko "que", ko wasu bayanau. Yaro ɗan shekara shida a Porto yana yin wannan ba tare da ya san dokar ba. A Barazil kuwa, daga mai sayar da kifi har alƙalin kotun ƙoli, in suna hira a gida, gaba suke sa ta, ko da kuwa ita ce kalmar farko a jimlar. To dokar da makarantun Barazil suka shekara da shekaru suna dukan yara a kanta ita ce kada a kuskura a fara jimla da irin wannan wakilin suna.

Mutane da yawa suna zaton Lisbon ce ta riƙe asali, Barazil ta ɓata. Tarihi bai goyi bayan haka gaba ɗaya ba. Gaskiya ne tun a tsakiyar zamani ba a buɗe jimla da "me". Amma marubutan ƙarni na 16 da na 17, wato zamanin da jiragen Fotugal suka kai harshen gaɓar Amurka ta Kudu, sun fi yawan sa ta a gaban aikatau fiye da yadda jikokinsu na Lisbon ke yi a yau. Charlotte Galves da abokan aikinta a jami'ar Campinas sun tara tsofaffin rubuce-rubuce a taskar da suka sa wa suna Tycho Brahe, suka nuna cewa rinjayen sa ta a baya ya kafu ne a hannun marubutan Fotugal da aka haifa daga ƙarni na 18 zuwa gaba. Kowane ɓangare ya yi tafiyarsa ke nan, ɗaya ya ƙara matsawa baya, ɗaya ya ƙara matsawa gaba. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne abin da ya biyo bayan 'yancin kan Barazil a 1822. Maimakon masu ilimin ƙasar su rubuta harshensu yadda suke yin sa, sai suka ƙara ɗamara wajen kwaikwayon sabon salon Lisbon, don su bambanta kansu da talakawa da bayi. Emilio Pagotto ya jera tsarin mulkin 1824 da na 1891, ya ga na farkon ya fi sa wakilin suna a gaba, na biyun, wanda aka rubuta kusan shekara 70 bayan an rabu da Fotugal, shi ya fi bin Lisbon.

Wanda ya fara shan duka a bainar jama'a shi ne José de Alencar. Bayan littafinsa Iracema ya fito a 1865, wani mai sharhi na Fotugal, Pinheiro Chagas, ya zarge shi da sauran marubutan Barazil da lalata harshe. Alencar bai yi shiru ba. A bugu na biyu, na 1870, ya ƙara bayani a ƙarshen littafin yana kare kansa, kuma batun mazaunin wakilin suna yana cikin abubuwan da ya taɓo. Daga nan wuta ta kama. A 1902 Rui Barbosa, sanata kuma babban lauya, ya bi daftarin dokar zamantakewar ƙasar sashe bayan sashe yana gyara harshenta. Wanda ya tace harshen daftarin tun farko shi ne Ernesto Carneiro Ribeiro, tsohon malamin Rui ɗin a Bahia. Malami da ɗalibi suka yi ta mayar wa juna martani cikin manyan littattafai, dokar kuma ba ta fito ba sai 1916. A 1909 Cândido de Figueiredo na Fotugal ya fitar da littafi sukutum a kan wannan matsala kaɗai, editocin Rio de Janeiro suka riƙe shi hannu bibbiyu.

A ganina mutumin da ya fi kowa hangen gaskiya a wancan lokaci shi ne Manuel Said Ali, malamin makaranta haifaffen Petrópolis. A littafinsa na 1908 kan wahalhalun harshen Fotugis, ya ce ba wata kalma da ke da maganaɗisun jan wata. Maganar furuci ce. A bakin mutumin Lisbon wasalin "me" yana shaƙewa har ya kusa ɓacewa, don haka kalmar kamar jinjiri take, ba ta zama sai an goya ta a bayan wata. A bakin ɗan Barazil wasalin yana fita sarai, kalmar tana da ƙarfin da za ta shige gaba. Saboda haka dokar da ta dace da kunnen wani ba lallai ta dace da na wani ba. João Ribeiro ya ƙara da nasa a 1921, ya ce a kunnen ɗan Barazil sa ta a gaba roƙo ne mai taushi, sa ta a baya kuwa umarni ne. Gilberto Freyre ya ɗauki wannan a littafinsa na 1933 kan gidan ubangiji da ɗakin bayi, ya ce siffa ɗaya ta mai ba da umarni ce, ɗayar ta fito daga bakin bayi da masu raino. Bayanin yana da daɗin ji, amma ina ɗaukarsa da taka-tsantsan. An kai Hausawa Bahia a matsayin bayi, sun yi tawaye a farkon ƙarni na 19, wasunsu kuma suna cikin boren Musulmi na 1835 a Salvador. Sai dai Hausa bayan aikatau take ajiye ni, don haka ba daga wurinmu aka ɗauko ba. In akwai hannun Afirka a ciki, harsunan Bantu irin su Kimbundu sun fi kusa, don su ne ke sa alamar karɓau kafin saiwar aikatau.

Sai matasan São Paulo suka zo da bikin fasahar zamani na Fabrairun 1922. Oswald de Andrade ya rubuta 'yar gajeriyar waƙa a kundinsa na 1925, inda ya jera yadda nahawu ke roƙon taba sigari da yadda mutumin titi ke roƙonta, kuma har yau ana koyar da ita a makarantu. Mário de Andrade ya riƙa buɗe jimla da "me" da gangan, a littattafansa da wasiƙunsa, ya ma fara tsara ƙaramin nahawun maganar Barazil, ko da yake bai kammala ba. Monteiro Lobato ya rubuta labarin wani malamin nahawu, Aldrovando Cantagalo, wanda kuskuren wakilin suna a wasiƙar soyayya ya haɗa auren iyayensa, kuskuren wakilin suna a maɗaba'a kuma ya zama ajalinsa.

Nan ne tarihinmu ya rabu da na marubuta, kuma wannan rabuwar ce ta fi damuna. Mawaƙi in ya karya doka, a ce salo ne. Mai fassara in ya karya ta, a ce bai iya harshe ba. Shekarun 1930 da 1940 su ne lokacin da fassara daga Ingilishi ta bunƙasa a Barazil, bayan an daɗe Faransanci ne ke kan gaba. Shi Lobato ɗin, ta kamfanin Companhia Editora Nacional da ya taimaka aka kafa a 1925, ya fassara Kipling da Jack London da Mark Twain da Hemingway. A Porto Alegre, maɗaba'ar Globo ta tara gwanaye: Érico Veríssimo ya fassara Aldous Huxley, Mário Quintana ya fassara Virginia Woolf. Aiki ne mai daraja, ban raina shi ba. Amma in ka buɗe yawancin fassarorin wancan zamani, za ka iske matuƙin jirgin ruwa da ɗan fashi da yaron da bai taɓa shiga aji ba duk suna ajiye "me" a bayan aikatau, wasu har da tsaga aikatau gida biyu. John Milton na jami'ar São Paulo, da ya yi nazarin littattafan Clube do Livro, ƙungiyar da aka kafa a 1943 don sayar da littattafai da araha, ya nuna yadda ake goge karin harshe da maganar talakawa a mayar da su harshen makaranta. Marubucin Amurka ya sha wahala ya ba kowane mutum muryarsa, fassara ta zo ta mayar da su duka murya ɗaya.

Ba duka laifin masu fassarar ba ne. Tsakanin teburinsu da maɗaba'a akwai mai tace rubutu, wanda suke kira "revisor", da jan alƙalaminsa da littafin nahawu a gefensa. Shi ma tsoron masu sharhi a jaridu yake yi. Daga wannan matsi ne dabarun kauce wa rigima suka samu, waɗanda tsofaffin hannu suka koya mana, kuma har gobe ana amfani da su. In jimla za ta fara da "me", sai a lallaɓa a sa mata wata kalma a gaba: a sa "eu", ko "por favor", ko "então", don dokar ba ta hana sa ta a gaban aikatau muddin ba ita ta buɗe jimlar ba. Ko kuma a sauya ginin gaba ɗaya, maimakon a ce ana kirana wane, a ce sunana wane. Littafin Moby Dick ya zama zakaran gwajin dafi a nan. Jimlarsa ta farko kalma uku ce, ta tsakiyar ita ce "me", inda mai ba da labari ke faɗa wa mai karatu sunan da zai kira shi da shi. Babu wurin ɓuya. An fassara littafin sau da dama a Barazil da Fotugal, kuma in ka jera jimlolin farkon kaɗai, za ka ga wanda ya mayar da matuƙin mai wa'azi, da wanda ya mayar da shi ma'aikacin ofis, da wanda ya bar shi ya yi magana kamar abokin hira a bakin teku.

Masu fassara na Fotugal ba su sha wannan azaba ba, don abin da suke rubutawa bai yi nisa da abin da suke faɗa ba. Fassarar ma sana'a ce mai martaba a can, har sarki Dom Luís ya fitar da tasa fassarar Hamlet a 1877. Suna da wani kayan aiki da nake sha'awa, wato haɗa "me" da wakilin abin da aka bayar su zama gaɓa ɗaya. Inda Ingilishi zai kashe kalma biyar ya ce ya ba ni shi, mutumin Lisbon zai ce "deu-mo". Ɗan Barazil ba ya faɗin haka sam, "me deu" zai ce, ya bar abin da aka bayar mai sauraro ya gane da kansa. Wannan na cikin dalilan da suka sa kamfanonin ɗab'i ke sayen haƙƙin littafi ɗaya sau biyu. Harry Potter ya fito a Lisbon a 1999 da fassarar Isabel Fraga, ya fito a Rio a 2000 da ta Lia Wyler, kuma yaron da ya saba da ɗaya zai ji ɗayar baƙuwa tun daga maganar farko da aka yi a cikinta.

Abin da ya fara sassauta ƙullin a Barazil ba malaman jami'a ba ne, talabijin ce. Tun farkon shekarun 1960 ake ɗora wa finafinan Amurka muryar 'yan ƙasa, irin aikin da ake yi wa finafinan Indiya a Kano, kuma sunan ɗakin ɗaukar murya na Herbert Richers da ke Rio ya zauna a kunnen kowane yaro. Da farko harshen littafi aka kwaso aka zuba a bakin 'yan wasa, sai ka ji ɗan sanda yana bin ɓarawo da gudu yana jera nahawun Lisbon. Amma abin da ido zai haƙura da shi a takarda, kunne ba ya haƙura. Mai ɗora murya mutum ne da ke tsaye gaban makirfo, dole kalmar ta fita daga bakinsa cikin fushi ko kuka, kuma "deixe-me em paz" ba ta fita a bakin ɗan Rio da ke cikin fushi. A hankali "me deixa em paz" ta samu shiga. Fotugal ta bi wata hanya dabam. Wata doka ta 1948 ta hana nuna finafinan waje da aka ɗora wa murya, don haka mutanen ƙasar suka tashi da karanta fassara a ƙasan allo, sai a 1994 aka yi wa The Lion King murya da Fotugis na Lisbon. Amma tun 1977, da aka fara nuna wasan Gabriela na Barazil a talabijin ɗinsu, kunnuwansu suka saba da jin "me" a farkon jimla kowane dare.

A gefe guda masana harshe sun kawo hujja. Wani shiri mai suna NURC, da aka fara a wajajen 1970, ya naɗi hirar masu digiri a birane biyar: Recife, Salvador, Rio, São Paulo da Porto Alegre. Kaset ɗin suka tabbatar da abin da kowa ya sani amma ake kunyar faɗa, cewa masu ilimin ma gaba suke sa ta. Celso Cunha ɗan Barazil da Lindley Cintra ɗan Fotugal sun haɗa hannu suka fitar da nahawu guda a tsakiyar shekarun 1980, wanda ya ba salon Barazil gurbinsa. Marcos Bagno ya fito a 1999 da littafi kan wariyar da ake nuna wa mutane saboda harshensu, Ataliba de Castilho kuma ya fitar da nahawun Fotugis na Barazil zalla a 2010. Ita ma sana'ar ta sami gata: Paulo Rónai, ɗan Hangare da ya tsere wa yaƙi ya zauna a Rio, ya rubuta littafin koyar da fassara a 1952, ya kuma shiga gaba wajen kafa ƙungiyar masu fassara ta ƙasa a 1974.

Mutumin da tsararmu ta fi koyo daga gare shi shi ne Paulo Henriques Britto, mawaƙi kuma malami a jami'ar Katolika ta Rio, wanda ya fassara Faulkner da Philip Roth da Thomas Pynchon. A littafinsa na 2012 kan fassarar adabi ya yi bayanin abin da ya kira alamomin maganar baka. Ba ya cewa a kwafi hira yadda take a titi da duk tuntuɓenta. Cewa yake a zaɓi 'yan alamomin da za su sa mai karatu ya yarda cewa mutum ne ke magana, kuma mazaunin wakilin suna yana sahun gaba a cikinsu. Wannan ya ba mu abin da za mu riƙe in mun zauna da edita. Mai ba da labari yana iya riƙe salon rubutu in haka marubucin asali ya yi, amma yarinya 'yar shekara 16 da ke faɗa da uwarta ba za ta tsaga aikatau gida biyu ba. Yau "mesóclise" ta zama abin kallo a Barazil. Da Michel Temer ya yi amfani da ita a jawabinsa na karɓar mulkin ƙasar a watan Mayun 2016, jaridu sun kwana biyu suna maganar.

Kwamfuta da wayar hannu sun zo da nasu salon. Kamfanoni sun raba harshen gida biyu a hukumance, pt-BR da pt-PT, kowane da littafin ƙa'idojinsa. Maɓallan Ingilishi cike suke da "me": a tuna da ni, a tunatar da ni anjima, a bar ni a ciki. Mafi yawan lokaci masu wannan aiki tsohuwar dabarar kaucewa suke komawa, su cire mutumin gaba ɗaya, su rubuta a ajiye kalmar sirri, ko a tunatar daga baya. Injinan fassara kuwa sun ci rubutun ɓangarorin biyu a haɗe, shi ya sa sukan buɗe sakin layi da muryar Lisbon su rufe da ta São Paulo, kuma daidaita wannan ya zama babban kaso na aikin da ake kawo mana yanzu. Yarjejeniyar daidaita rubutu ta 1990, wadda aka sha rigima a kanta, ƙa'idar rubuta kalmomi kawai ta taɓa. Ba ta ce uffan kan mazaunin "me" ba, kuma ba za ta iya ba.

Har yanzu akwai iyakar da ba a tsallaka ba. "Deixa eu ver", bari in gani, ta shiga littattafai, ko da yake nahawu "deixe-me ver" yake so. Amma "para mim fazer", wadda miliyoyin 'yan Barazil ke faɗa a maimakon "para eu fazer", har yanzu tambarin jahilci ake manna mata, kuma mai fassara ba ya sa ta a bakin kowa sai yana nufin mai karatu ya gane cewa mutumin bai yi makaranta ba. Ni ina ganin an zalunci masu faɗinta, amma ba ni da ikon sauya abin da kunnen mai karatu zai ji in ya gan ta.

Mu da ke aiki daga wannan nahiya muna da tamu matsalar da manyan cibiyoyin biyu, Barazil da Fotugal, ba su cika waiwaya ba. Fotugis yana cikin harsunan aiki na Tarayyar Afirka, kuma ɗaya ne daga harsuna uku na ECOWAS saboda Gini Bisau da Cape Verde, don haka takardun da ake rubutawa da Ingilishi a Abuja kullum suna neman mai juya su. A takardar hukuma babu gardama, ƙa'idar Lisbon ake bi, don ita makarantu da ofisoshin waɗannan ƙasashe suka gada. Wahalar tana zuwa in saƙon na talaka ne, kamar sanarwar rigakafi ko wasan rediyo. A titunan Luwanda "me dá" ake cewa, kamar a Salvador, kuma Luandino Vieira ya shigar da wannan magana adabi tun a littafinsa Luuanda, wanda kyautar da aka ba shi a 1965 ta sa gwamnatin Salazar ta rufe ƙungiyar marubutan Fotugal. A Mozambik kuma, kamar yadda binciken Perpétua Gonçalves da wasu ya nuna, akan ajiye ta a baya har a wuraren da mutumin Lisbon zai kawo ta gaba. Manhajojin da muke aiki da su ba su san da waɗannan ba, zaɓi biyu kawai suke bayarwa. In irin wannan aiki ya zo hannuna, nakan fassara shi da ƙa'idar Lisbon tukuna, sannan in nemi ɗan ƙasar ya karanta maganganun da ƙarfi. Duk inda harshensa ya sauya wa "me" mazauni ba tare da ya lura ba, nan nake gyarawa.